Dalilin da yasa nace ka fara lissafin tafiyar daga dare

Toh ɗana, naga saƙonka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kace ka kwana biyu kana haɗa jadawalin ayarin nan na mutum 40 da zasu yi kwana biyar a Paris cikin watan Yuni, ka zuba musu abu biyu wani daren ma uku a kowane dare dan kar suce kuɗinsu bai yi aiki ba, ni kuma na ɗau biro na soke kusan rabi na rubuta maka a gefe wai ka fara daga dare, shine kake tambaya ko laifi kayi, sannan wai ta yaya ake gane birnin da ya dace da ayari. Ba laifi kayi ba, kowa da haka yake farawa, nima da haka na fara kuma na ɗanɗana kuɗata.

Kaga rana bata da wata wahala. Gidan tarihi yana da lokacin buɗewa da na rufewa, tikiti yana jakarka, mutane sun yi barci sun huta, duk inda ka ɗaga hannu suna biye da kai. Da magariba ta kawo jiki sai labari ya canza, ƙafa ta gaji, cajin waya ya kusa ƙarewa, dattijo gado kawai yake nema, saurayi kuwa yanzu ma garinsa ya waye, mai yara ɗaya ya yi barci a kafaɗarta ɗaya yana kuka, kuma duk su arba'in ɗin nan kai suke kallo. In sun koma gida babu wanda zai tuna zane na talatin da ya gani a bango, amma daren da ka tsayar dasu awa guda a bakin titi suna jiran bas, wannan har jikokinsu sai sun ji labarinsa. Shi yasa abu na farko da nake rubutawa a takarda shine ƙarfe nawa mutum na ƙarshe zai shiga ɗakinsa, daga nan nake ja baya ina gina sauran yinin.

Kafin ka tambayi fasinja me yake so, fara da direba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce ta tsara lokacinsa, kuma akwai na'ura a bas ɗin da ake kira takograf tana rubuta komai. Tuƙi awa 9 a rana, sau biyu a sati ne kawai zai iya kaiwa 10, in yayi awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45, sannan hutun dare awa 11, wanda ake iya rage shi zuwa 9 amma ba kullum ba. Inda ya fi kama irinku shine wannan hutun dole ya faɗo cikin awa 24 daga lokacin da ya fara aiki, kaga kenan wanda ya tada mota 8 na safe ya kamata ya ajiye ta 9 na dare, in an matsa sosai 11. Yanzu duba naka jadawalin, ka dawo dasu 12 da rabi na dare ka kuma rubuta tashi 7 da rabi na safe, awa bakwai kenan, wane direba ne zai sa lasisinsa a wuta saboda kai? Ni wannan karatun a filin ajiye motoci na koye shi shekarun baya, ina roƙon wani direba kamar zan durƙusa, bai ce min uffan ba sai nuna min na'urar da yayi da yatsa, ƙarshe a tasi na kwashe mutanena uku uku hurhuɗu, daga aljihuna, ribar tafiyar gaba ɗaya ta tafi a daren nan.

Sai rana ita kanta. Ka rubuta "kallon fitilun hasumiyar Eiffel 8 na dare". Ɗana, a Paris cikin Yuni rana bata faɗuwa sai wajen 10 na dare, a Disamba kuma wajen 5 na yamma ta riga ta faɗi. Hasumiyar tana walƙiya ne minti biyar a farkon kowace awa bayan duhu ya shiga, toh ƙarfe 8 a Yuni ƙarfe kawai zasu gani tsaye cikin hasken rana. In kana son su ga abin da kyau sai an doshi 11, kaga ka sake komawa maganar direba. In kuma akwai masu sallah a ayarin, magariba da isha sun matsa can cikin dare, sai ka san inda zasu tsaya tun kafin lokacin yayi. Shi yasa nake rubuta lokacin faɗuwar rana a saman kowane shafi, tun kafin sunan otal.

Abu ɗaya a dare ɗaya, wannan ba na ja da kowa a kansa. Kuma in da hali ka zaɓi abin da yake maimaita kansa. Ruwan nan mai rawa da ke gindin Burj Khalifa a Dubai duk rabin awa ake kunna shi da yamma, daga 6 har 11, in cunkoso ya riƙe ku kun rasa na 7 sai ku tsaya na 7 da rabi, babu wanda zai ma san an makara. Bishiyoyin fitilu na Gardens by the Bay a Singafo sau biyu ne, 7:45 da 8:45, ka nufi na farko ka ajiye na biyu a aljihu. Amma gidan wasan kwaikwayo ko jirgin ruwan da aka kama muku kujeru sau ɗaya yake tashi, mutum ɗaya ya tsaya neman takalminsa a ɗaki ya ja wa 39 asara. Irin wannan in dole ne sai ka sa shi ranar da yininta mai sauƙi ne, kuma ka faɗa musu lokacin haɗuwa da rabin awa kafin na gaskiya, wannan ba yaudara bace, sanin halin mutane ne. Wasan haske da sauti na dalar Giza a Masar ma, wanda ake yi tun 1961, ba da yare ɗaya ake yin kowane zagaye ba, in baka duba ba sai ka zaunar da mutane suna sauraron abin da basa ji.

Ga ayarinka ni jirgin ruwan kogin Seine na bar maka, kusan awa guda ne, kowa a zaune, tsoho ya huta yaro ya kalla, kuma babu inda mutum zai ɓace a cikin jirgi. Wancan gidan rawar da ka saka kuwa na soke shi ne saboda baka taɓa shiga ba. Kar ka taɓa kai ayari wurin da baka zauna ka gani da idonka ba tun daga farko har ƙarshe. Moulin Rouge, gidan rawa na Paris, sananne ne tun 1889, amma sanannen wuri daban, wurin da zaka zaunar da uba da 'yarsa a teburi ɗaya daban. Haka jiragen cin abincin dare na kogin Nilu a Alƙahira, yawancinsu da rawa a ciki, wani ayarin zai tafa wani kuma zai tashi tsaye yace ka ci mutuncinsa alhali jirgi na tsakiyar ruwa babu ta fita. Duk abin da ke da giya ko rawa ko kiɗa mai ƙarfi, ka rubuta shi ɓaro ɓaro tun kafin a biya kuɗi, ka maida shi na ganin dama.

Maganar wane birni ne ya dace da ayari, ni bana kallon hotuna, duk birni yana da kyau a hoto. Ina tambaya ne a ina bas zata sauke mu, a ina zata jira, kuma daga nan zuwa abin kallon taku nawa ne ga mai ciwon gwiwa. Dubai tana da sauƙi ta wannan fannin dan an gina ta ne da mota a rai, sai dai zafin bazara yana kashe duk wani shirin waje. Istanbul tana da daɗin dare, jirgin ruwan haya na yau da kullum ma daga Eminonu zuwa Uskudar ya ishe ka shirin yamma guda, ka tsallaka daga Turai zuwa Asiya cikin ƙasa da rabin awa masallatai na haskawa a bayanka, amma babbar kasuwarsu ta rufi tana tashi da yamma kuma bata ci ran Lahadi, kar ka kuskura ka sa ta a dare. Benis ta Italiya kuwa, birnin da ke kan ruwa, bas bata shiga ko kaɗan, a bakin gari take tsayawa, kuma tun watan Agusta 2024 sun hana ayarin da ya wuce mutum 25 tare da hana lasifika, kaga mutum 40 ɗinka sun zama ayari biyu da jagora biyu, kuɗi ya ƙaru tun ba a taka ƙasa ba.

Marrakesh ta Maroko ita ce makarantar wannan aikin a wurina. Dandalin Jemaa el-Fna, wanda hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2001, da rana baya cika sosai, da rana ta faɗi sai ya cika maƙil da makaɗa da masu ba da labari da hayaƙi, kuma lungunan tsohon garin da ke bayansa bas bata shiga, wasu ma mutum biyu da ƙyar suke giftawa. A nan bazaka iya jan mutum 40 a jere ba, wallahi ko igiya ka ɗaura musu. Yadda ake yi, kafin kowa ya motsa sai ka juya su su kalli hasumiyar masallacin Kutubiyya, doguwa ce tana da haske ana hango ta daga nesa, kace duk wanda ya ɓata can zai nufa ya tsaya, ka raba su takwas takwas ko goma goma kowane kashi da nasa shugaban, ka basu awa ɗaya da rabi, kai kuma ka tsaya a wurin haɗuwar baka motsa ba. Ka kuma gaya musu tun a mota duk wanda ya ɗau hoton mai wasa zai nemi a bashi wani abu, dan rigimar dare da yawa daga nan take tashi. Wurin haɗuwa kullum ya zama abu dogo mai haske wanda baya tafiya, kar kace "gaban shagon nan mai jan labule", ƙarfe 10 shagon ya rufe ya kashe wuta ya zama kamar sauran.

Akwai kuma cunkoson da ba na wasa ba. Daren 29 ga Oktoba 2022 a unguwar Itaewon ta birnin Seoul mutum 159 suka mutu a wani siririn lungu mai gangara, babu wuta babu harbi, matsi kawai. Tun daga lokacin duk inda na kai ayari daren biki sai na fara neman hanyar fita kafin ta shiga, in na ga mutane sun fara tafiya kafaɗa da kafaɗa bana jiran ra'ayin kowa, juyawa muke, wanda zai yi fushi yayi fushinsa a otal.

Ƙirga kuma da kanka zaka yi, a bakin ƙofar bas, sau biyu, ɗaya suna hawa ɗaya suna zaune. Kar ka tsaya a gaba kace "kowa ya shigo?" dan wanda bai shigo ba ai ba zai amsa maka ba. Kowa ka sa masa katin otal a aljihu, na takarda mai adireshi da lambarka, waya tana mutuwa kuma guruf ɗin WhatsApp baya amfanar wanda bashi da data. In muna tafiya a ƙafa ni a gaba kai a baya, babu wanda zai kasance a bayanka ko da igiyar takalmi ya tsaya ɗaurewa. Thomas Cook da ake cewa shi ya fara wannan sana'ar, a 1841 mutum kusan 500 ya ɗauka a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila ya kuma dawo dasu a ranar, kaga tun asali dawo da mutane ne rabin aikin, ba a banza ake cewa madugu uban tafiya ba. Samarin da zasu ce su sai sun ƙara zagayawa, kar ka hana su dan bazaka iya ba, ka rubuta sunayensu, ka gaya musu jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris yana tsayawa wajen 1 na dare, Juma'a da Asabar wajen 2, kuma bas ɗin safe bata jiran kowa.

Toh yanzu ƙirga dararen naka. Na farko mutane sun sauka a gajiye, ɗan zagaye kusa da otal dan su san unguwa, shikenan. Na ƙarshe na haɗa kaya ne da auna jaka. Saura uku, ɗaya ka barshi fayau babu komai, ni na uku nake bari dan a nan gajiya take taruwa kuma a nan masu son sayayya suke samun sarari. Kaga biyu suka rage, ɗaya jirgin ruwa ɗaya hasumiya, kuma washegarin daren hasumiyar kar a tashi kafin 10. Abin da na soke kenan, ba wai aikinka ne bai yi ba.

Je ka sake shi. Ka ɗauke gidan tarihi na Louvre daga ran Talata dan a rufe yake, ka kira kamfanin bas ka tambaye su ko zasu bamu direba na biyu a daren hasumiyar da abin da zai ƙaru, sannan ka duba ko 21 ga Yuni ya faɗo cikin kwanakinmu, ranar bikin kiɗa ce da suke yi duk shekara tun 1982, tituna cika suke har cikin dare, in ta faɗo toh wannan daren a ƙafa zamu yi shi kusa da otal. Ka kawo min gobe da safe in gani kafin mu tura wa mutanen.