Fulawar Burodi da Fulawar Ado: Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Gusau, mai shirin jarrabawar WAEC, ta aiko tana kuka da Turanci. Malaminsu ya yi musu shifta, ta rubuta "right" a inda ake son "write", ta rubuta "fool" a inda ake son "pool", aka soke duka biyun da jan biro. Tana tambaya: me ya sa Turawa suka cika harshensu da kalmomi masu sauti ɗaya?

'Yata, kurakuran nan naki biyu ba uwarsu ɗaya ba. Na farkon laifin Turanci ne, na biyun kuwa daga kunnenmu yake.

"Right" da "write" ko a bakin Baturen Landan babu abin da ya raba su. Ta farko dama ce, ko daidai, ko haƙƙi. Ta biyu rubutawa. Haka "meat" nama da "meet" haɗuwa, "week" mako da "weak" mai rauni, "son" ɗa da "sun" rana, "knight" barde da "night" dare. Da can ba haka ake furta wasunsu ba. Wancan w na farkon "write" da k na farkon "knight" duk fitowa suke yi a baki, sai wajen ƙarni na 17 mutane suka yar da su. Wasulan ma tun wajen 1400 suka fara gusawa daga mazauninsu, har "meat" da "meet", waɗanda da kowace da wasalinta, suka haɗe. Ana cikin haka William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476. Rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Waɗannan ba su da magani sai haddar rubutunsu da duba jimlar da suka fito a ciki. 'Ya'yan Turawan su ma suna tuntuɓe a kan "their" da "there".

"Pool" da "fool" kuwa, tafki da wawa, Bature yana jin bambancinsu sarai, kamar yadda kike jin na baki da baƙi, ko kasa da ƙasa, shi kuma ya kasa ji. Hausa ba ta raba p da f ba. Sauti ɗaya gare mu, da leɓɓa biyu muke yin sa, kuma ke da kike Gusau kin san a wajenku ma fara "hwara" ce, tafi "tahi" ce. Shi ya sa fensir, fetur, fasinja, firamare, fursuna da fasfo, duk da p suke a gidansu, da suka zo mana suka koma f. Daga nan "pan" da "fan", "pull" da "full", "copy" da "coffee" suke rikice mana. Ki tsaya gaban madubi. A wajen f, haƙoranki na sama za su taɓa leɓenki na ƙasa, iska tana zirarewa. A wajen p, leɓɓan za su rufe ruf, sannan su buɗe da ƙarfi. In kin riƙe fallen takarda kusa da bakinki za ki ga ya motsa. Irin wannan ce ke tsakanin "vote" da "boat", da "think" da "sink". Mafi wahala su ne wasula: namu biyar ne, gajeru da dogaye, sai ai da au, na Baturen Landan kuwa sun kai wajen 20. Don haka "hat", "hut", "heart" da "hurt", hula da bukka da zuciya da ciwo, duk "hat" muke ji.

Kafin ki ƙara zagin Turanci, ki leƙa gida. Tamu matsalar juyin tasu ce: su furuci ɗaya rubutu daban, mu rubutu ɗaya furuci daban. Garin Kano da garin tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Kukan yaro da kukar miya, karin sauti ne. Wuyan riga da wuyar rayuwa ma haka, har wanda ya karanta "bayan wuya sai daɗi" da ɗaya muryar zai tarar bayan wuya ƙeya ce. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya sa wa kalmomi alamun da ke nuna wannan, amma a rubutun yau da kullum ba ma sa su, kuma ban ga laifi ba, jimla tana raba gardama. Abin da ba na yafewa shi ne barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, alhali yanzu wayoyi suna da su.

Wani tela daga Maraɗi yana tambaya ko "kama da wane ba wane ba ne" da "biri ya yi kama da mutum" magana ɗaya ce.

A'a, Malam, kusan ma kishiyoyi ne. Ta farko jan kunne ce: kada kamanni ya ruɗe ka, yadin da ya yi ƙyallin shadda mai tsada ba lallai ita ba ce. Ta biyu ana faɗar ta ne in zargi ya fara kama jiki. Almakashinka ya ɓata, sai ka ga yaron shago yana ta kauce wa idonka, a nan ne za ka ce biri ya yi kama da mutum.

Sai wata baiwar Allah mai sana'ar cincin da kek a Kaduna. Ta ce ta aiki ɗanta ya sayo fulawa, ya tsaya yana tambayar wace iri. Tana son sanin yadda aka yi garin alkama da shukar ado suka yi tarayya a suna.

Hajiya, yaron nan yana da gaskiya. "Flour" da "flower" furucinsu ɗaya ne a Turanci, muka aro su a baki, ba a takarda ba, suka iso mana a matsayin fulawa guda. Abin da zai ba ki mamaki, a can ma asalinsu kalma ɗaya ce da suka samo daga tsohon Faransanci. Garin da aka tankaɗe ya yi laushi shi suke kira furen gari, wato zaɓaɓɓensa. Daga baya ne aka raba musu rubutu, kuma ƙamusun Turanci na Samuel Johnson na 1755 bai ma raba su ba. Mu muna da namu, fure da gari, sai dai ba mu cika kiran furen tumfafiya fulawa ba, sai wadda aka dasa a ƙofar gida don ƙawa.

Irin wannan haɗuwa tana da yawa a kalmomin aro. Kofi na shan ruwa daga "cup" yake, kofi na sha daga "coffee". Taya ta mota ta zo ta tarar da taya ta ciniki da ta aiki, kwana da direba yake sha ta tarar da kwana na barci, sai murya ta raba su. Fam ma biyu ne: wanda ake cikawa a ofis daga "form", na kuɗi daga "pound". Shi na kuɗin ya daɗe a baki bayan ya bar aljihu. Ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo, aka canja fam ɗaya a naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar. Jaka, wadda da fam ɗari ce, ta zama naira 200, shi ya sa in dattijo a kasuwar ƙauye ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake nufi.