Tambaya da Amsa: Beyar mai cin gara ta ƙasar Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana yana karatun likita a Indiya, ya ce a asibitin da yake koyon aiki an sha kawo mutanen ƙauye da wata dabba mai suna balu ta yage musu fuska. Ya ce kuma abincinta gara ne da 'ya'yan itace. To dabbar da ba ta cin mutum, me ya haɗa ta da mutane? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya yayanki ya faɗa. Beyar ce baƙa mai buzu-buzun gashi da farin tabo a ƙirji, ana samunta a Indiya da Nepal da Sri Lanka. Hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma ana kiyasin waɗanda suka rage a daji ba su kai 20,000 ba.

Allah Ya yi ta ne don cin gara. Da zaƙo-zaƙon faratanta take fasa suri, ta toshe ƙofofin hancinta, ta zura baki ta zuƙo garar da ƙarfi har ana jin ƙarar daga nesa. Haƙora biyu na gaba a sama ma babu su, ta wannan giɓin garar ke wucewa. To ki duba, dabbar da ta cusa kai cikin rami, tana wannan gurnani, ga ido da kunne ba ƙarfi, sai an zo dab da ita take farga. Kuma tun fil azal dajinta ɗaya da taiga, babbar damisar nan mai ratsi-ratsi, wadda ke kashe ta in ta samu sarari. Gudu ba ya fisshe ta. Abin da ke fisshe ta shi ne ta miƙe tsaye ta afka wa duk abin da ya razana ta. A 2024 masu bincike Thomas Sharp da David Garshelis da abokin aikinsu sun wallafa nazarin bidiyoyin da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauka na haɗuwarta da taiga, suka ga sau da dama beyar ce ke korar taigar. Mutum in ya faɗo mata ba zato, irin tarbar da yake samu ke nan, musamman uwa mai goyo, don a baya take goya 'ya'yanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su wa abin ke faɗa wa. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya kaɗai, tsakanin 1989 da 1994, ta kashe mutum 48, ta raunata kusan 700. Talakawa ne: masu kiwo, masu itace, mata masu tsintar furen bishiyar mahuwa da asuba a watannin Maris da Afrilu, furen da ita ma take kwaɗayi, da wanda ya zagaya daji da duku-duku don ba masai a gidansa. Shi ya sa shawarar masu bincike ba ta da tsada: a tafi a ayari, ana magana da ƙarfi ko ana buga sanda don ta ji ta kauce, a bari gari ya waye, a gina masai. In kuwa ta riga ta afko, mutum ya kwanta rub da ciki, ya rufe ƙeya da fuska da hannuwa.

Tambaya: Malam, da gaske ne a Indiya ana sa beyar rawa kamar yadda ake wasa da kura a wajenmu? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: An yi, ɗan'uwa, ɗaruruwan shekaru, sana'ar gado ce ta wata al'umma da ake kira Kalandar. A kamo jaririn beyar, a huda masa hanci da ƙarfe mai zafi, a zura igiya, a karya haƙora. Rawar ta zafin igiya ce. Dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta abin, amma bai tsaya ba, don wanda aka hana shi abin da yake ciyar da iyalinsa ba zai bari don takarda ba. Sai da ƙungiyar ceton namun daji Wildlife SOS ta Kartick Satyanarayan da Geeta Seshamani ta biyo ta wata hanya: mai beyar ya miƙa dabbarsa, a ba shi jarin rupi 50,000 ya kama wata sana'a, a sa 'ya'yansa makaranta. A ganina nan ne dabarar take, kuma duk mai son magana kan masu wasa da kura ya kamata ya duba ta. An karɓi beyar sama da 600, na ƙarshe mai suna Raju a Disambar 2009. Ba sa iya komawa daji, don haka ake riƙonsu a cibiyoyi irin ta Agra da ta Bannerghatta kusa da Bangalore.