Makara daban, akwati daban

Tambaya: Malam, na ji a rediyo an ce an binne wani "cikin makara". Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, kuma wannan kuskure ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba a binne makara. Gadon ɗaukar mamaci ce zuwa makabarta, da an sa shi a kabari sai a dawo da ita a jingine a masallaci. Ina yaro, ta unguwarmu da gwangwala aka yi ta, an ɗaure da igiya, ana shimfiɗa tabarma a kai. Yanzu galibi ta ƙarfe ce, aikin masu walda. Akwatin gawa kuwa shi ne wanda ake rufe mamaci a ciki, a binne su tare, kamar yadda 'yan'uwanmu Kirista suke yi. Lokacin jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ranar 19 ga Satumba 2022, kunnena ya sha "makarar Sarauniya". Akwati ne na katako, an lulluɓe cikinsa da darma, kuma da shi aka ajiye ta a Windsor. Mai fassara ya ga kalmar Turanci, ya cafko wadda ta fi kusa da hannunsa. Musulmin Bahaushe likkafani ne suturarsa. A kwantar da shi kan gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da ɗanyen laka, sannan a tura ƙasa. Ina akwati zai shiga a nan?

Tambaya: Daga ina "likkafani" ta samo asali?

Amsa: Daga Larabci, al-kafan. Yadda al-kitab ta zama littafi, al-imam ta zama liman.

Tambaya: Kabari da kushewa fa?

Amsa: Abu ɗaya ne. Kabari aro ce daga Larabci, kushewa tamu ce ta gado. Ku riƙa faɗarta, tana neman ɓacewa a bakin matasa.

Tambaya: Me ake nufi da "gawa ta ƙi rami"?

Amsa: Wanda tsufa ko ciwo ya gama cinyewa amma yana nan da ransa. Akan faɗe ta ga tsohuwar mota ma. Ga mota ba laifi, amma kada na ji ka jefi dattijo da ita, zagi ne.

Tambaya: Ana iya cewa "gawar akuya"?

Amsa: A'a. Mushe ake cewa, in ta mutu ba yanka.