Hukuncin Yawon Buɗe Ido na Yini Guda Zuwa Garuruwan Bakin Teku a Ƙetaren Iyaka

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, akwai kamfanin yawon buɗe ido da ke shirya tafiya ta yini guda. Ana kwasar mutum kamar goma a ƙaramar bas da sassafe, tare da ɗan jagora mai yin bayani, a ƙetare iyaka zuwa maƙwabciyar ƙasa, a zaga garuruwa biyu ko uku na bakin teku, a dawo da dare. Ni da maiɗakina muna son zuwa. Sauran matafiyan ba mu san su ba, kuma galibinsu ba Musulmi ba ne, haka shi ma jagoran. Shin ya halatta? Tunda wata ƙasa za mu shiga, za mu yi ƙasaru? Sannan ƙanwata tana son ta bi irin wannan tafiya wani makon ita da ƙawarta, ni kuwa ba zan samu sukunin raka ta ba. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a cikin ƙasa a duba yadda ya fari halitta, a Suratul Mulk aya ta 15 kuma ya ce ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sasanninta. Fita da iyali domin a sarara, a ga teku da duwatsu da tsofaffin garuruwa, ba laifi ba ne, kuma idan ka yi niyyar faranta wa matarka rai kana da lada. Hadisin da ya hana ɗaure sirdi sai zuwa masallatai uku yana magana ne a kan tafiyar ibada zuwa wani wuri domin falalarsa, bai shafi tafiyarku ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai malamai na zamani, irin su Shaihu Ibn Usaimin, da suka tsananta a kan zuwa ƙasashen da ba na Musulmi ba. Suka ce sai mutum yana da ilimin da zai kare shi daga shubuha, da addinin da zai kare shi daga sha'awa, da buƙatar da ta kai shi, kuma ba su ɗauki yawon shaƙatawa a matsayin buƙata ba. Sharuɗɗa biyun farko na yarda da su ƙwarai. Na ukun kuwa, abin da na gamsu da shi shi ne hukuncin yana bin abin da ke cikin tafiyar ne. Idan za ka iya sallarka a kan lokaci, ba za a tilasta maka saɓo ba, kuma ba saɓon ka je nema ba, ban ga hujjar da za ta haramta maka yini guda ba.

Batun jagora wanda ba Musulmi ba, wannan hankalinka ya kwanta. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, a babin ijara, cewa lokacin hijira Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani mutum daga Banud Dil, gwanin sanin hanya, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa. Malaman tarihi suna kiransa Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Suka ba shi amanar raƙumansu biyu, ya same su a kogon Sauru bayan kwana uku, ya bi da su hanyar gaɓar teku. Ba ina kwatanta hijira da yawon buɗe ido ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke ɗauka a nan shi ne halaccin yin ijara da wanda ba Musulmi ba a kan aikin da ya ƙware, muddin amintacce ne. Ku dai tabbata an fayyace kuɗin, da garuruwan da za a je, da abin da ya shiga cikin farashi da wanda bai shiga ba, domin ijara ba ta inganta da jahiltar lada ko jahiltar aiki.

Yanzu ƙasaru, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Iyakar ƙasa da hatimin da ake buga wa fasfo ba su da wani tasiri a kan adadin raka'o'inka. Nisan tafiya ake dubawa. A mazhabar Imamu Malik, da ta Shafi'i da ta Ahmad, nisan shi ne buridi huɗu, wato mil 48 kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala, wanda a lissafin yau ya kama kilomita 80 da 'yan kai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana ƙasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'if, da Makka da Usfan, da Makka da Jidda. Ka duba misali biyu daga wuraren da aka san su da irin wannan yawo. Wanda ya tashi daga birnin Nis na Faransa zuwa Monako ya shiga wata ƙasa, amma tafiyar kilomita 20 ce ko kusa da haka, don haka huɗu zai yi. Wanda kuwa ya tashi daga Dubrobnik ta Kuroshiya zuwa Kotor ta Montenegiro ya yi kusan kilomita 90, wannan ya kai. Zuwa kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa shi da dawowa. Idan garuruwan a jere suke kuma tun daga gida kun ƙudurta kaiwa na ƙarshe, to ku auna har zuwa na ƙarshen, tsayuwar awa ɗaya ko biyu a hanya ba ta yanke tafiya.

Akwai wata gaɓa da ya kamata ɗalibin Malikiyya ya tsaya a kanta. Shaihu Halil ya ce ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba, kuma ba mai wargi da ita ba. Masu sharhi suka buga misalin mai wargi da wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai, suka ce makaruhi ne ya yi ƙasaru, amma idan ya yi ba zai sake ba. To, mai yawon buɗe ido ya shiga nan? Hanbalawa sun bayyana ƙarara cewa mai fita shan iska yana ƙasaru tunda tafiyarsa halal ce, Hanafawa kuwa ba sa duba dalilin tafiya sam, ƙasarun ma wajibi ne a wurinsu. Ni abin da nake gani, wanda ya fita da iyalinsa don hutawa da lura da halittar Allah yana da manufa ingantacciya, ba mai wargi ba ne. Idan nisan ya kai, ku yi azahar biyu, la'asar biyu, bayan kun wuce gidajen garinku. Sayyidina Umar ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da ƙasaru bayan an samu aminci, ya ce masa sadaka ce da Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Muslim ne ya ruwaito. Idan kuma kun cika huɗu saboda shakkar nisan, sallarku ta yi.

Abin da ya fi damuna a irin wannan tafiya shi ne lokacin sallar kansa. Jadawalin ba a hannunka yake ba. Jagora ne ke cewa minti arba'in a nan, awa ɗaya a can, kuma layin motoci a bakin iyaka yakan cinye magariba ɗungurungum. Shari'a ta yi maka sauƙi da haɗa salloli. Mu'azu ɗan Jabal ya ce a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha'i, don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. A Malikiyya wannan rangwame ya shafi tafiyar tudu ko da ba ta kai nisan ƙasaru ba, don haka mai gajeriyar tafiya ma zai iya haɗawa, sai dai ya cika raka'o'i. Idan rana ta karkata kuna tsaye a wani gari, kuma ka san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, ka yi azahar ka jawo la'asar ka haɗa. Idan ta karkata kuna cikin mota, kuma za a tsaya kafin rana ta yi fatsi-fatsi, ka jinkirta azahar ka haɗa su a can. Magariba kuma ka jinkirta ta zuwa isha'i. In kun iso gida da sauran lokaci, magariba uku, isha'i huɗu, domin tafiya ta ƙare.

Kada ka yi farilla a kujerar mota alhali kana da damar sauka. Ibn Umar ya ce Manzon Allah (SAW) yana nafila a kan abin hawansa, amma ba ya yin farilla a kai. Ka gaya wa jagoran tun da safe cewa kuna buƙatar minti goma bayan tsakar rana. Amfanin ƙaramar tawaga ke nan, ana jin maganar mutum ɗaya. Ƙasa duk an sanya mana ita masallaci, ruwan teku kuma mai tsarkakewa ne, kana iya alwala da shi. Hadisin da ke Muwaɗɗa ya ce ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne, kuma wannan ya warware maka matsalar abinci: abin da aka kamo daga teku ba ya buƙatar yanka. Ka dai tambaya ko an dafa shi da giya ko kitsen alade. Idan an haɗa ku teburi ɗaya ana zagayawa da giya, ku nemi naku daban, domin Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a irin wannan teburi. Idan kuma a jadawalin akwai ziyarar wurin ɗanɗana giya, ku tsallake wannan zango, in kuwa shi ne ginshiƙin tafiyar, ku fasa ta.

Ka guji ranar Juma'a in da hali. A mazhabarmu fita bayan ketowar alfijir ranar Juma'a makaruhi ne, bayan zawali kuwa haramun ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa.

Bakin teku kuma ka san halinsa, musamman lokacin zafi. Garin da ke gaɓar teku daban, wurin wanka da mutane ke tuɓewa daban. Yawo a tsohon gari da kasuwa da tashar jiragen ruwa hukuncinsa hukuncin kowane titi ne: ka runtse ido kamar yadda aya ta 30 a Suratun Nur ta yi umarni, kallon ba-zata kuma ka kawar da kai, kamar yadda aka umarci Jarir ɗan Abdullahi. Amma ka je ka zauna awa biyu a tsakiyar tsiraici da sunan lokacin hutu, wannan ba na halatta maka shi, kai da matarka duka. Ku yi amfani da lokacin a wani ɓangaren garin.

Tsofaffin garuruwa ba sa rasa coci a cikin jadawali. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga saboda mutum-mutumin da ke ciki, Ibn Ƙudama kuma ya kawo cewa Sayyidina Ali ya shiga tare da mutane. Saboda haka malamai suka saɓa. Tsayawa a waje ya fi mini. Wanda ya shiga don ganin gini, ba a lokacin ibadarsu ba, bai kunna kyandir ba, bai rusuna wa komai ba, ba zan ce ya yi haramun ba.

Na ce iyaka ba ta canza raka'o'i, amma tana ɗora maka alkawari. Bizar da aka ba ka aminci ne, kuma aya ta farko a Suratul Ma'ida ta ce a cika alkawura. Kada ka yi wa jami'an shige da fice ƙarya, kada ka ɓoye wa kwastam kaya, kada ka karɓi saƙon wanda ba ka san abin da ke ciki ba. Ka kuma duba takardunka da kyau. A misalin da na ba ka, Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, a farkon 2023, Montenegiro kuwa ba ta ciki, don haka mai bizar shiga sau ɗaya idan ya fita da safe ba shi da hanyar komawa da dare. Jefa kai da iyali cikin irin wannan hali saboda sakaci abin zargi ne a shari'a.

Saura ƙanwarka. Abu Huraira ya ruwaito cewa bai halatta ga macen da ta yi imani da Allah da ranar lahira ta yi tafiyar yini da dare ba sai da muharrami, kuma hadisin yana Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Wasu ruwayoyin sun ce kwana uku, wasu yini guda, wasu ba su ƙayyade ba, shi ya sa Imamu Nawawi ya ce duk abin da ake kira tafiya ya shiga. Malikawa sun yi rangwame da amintacciyar tawaga, amma a hajjin farilla. Alƙali Abul Walid Albaji, wanda ya rasu a shekara ta 474 bayan hijira, ya faɗaɗa, ya ce manyan ayarori kamar gari suke, mace tana iya tafiya a cikinsu, hanin yana kan kaɗaici da 'yan mutane kaɗan. Wasu majalisun fatawa na zamani sun bi wannan hanya. To amma ka auna da maganar Albajin kanta: mutum goma da ba a san su ba, a ƙaramar mota, a wata ƙasa, a dawo cikin dare, su ne ainihin 'yan mutane kaɗan ɗin da ya keɓe. Ƙawarta ba muharramarta ba ce, kuma idan jami'i ya riƙe ɗayansu a bakin iyaka motar ba lalle ta jira ba. Tafiyar kuma ba farilla ba ce, ba lalura ba. Don haka ban ga halaccin ta tafi a wannan siffa ba.

Mafita tana hannunka, ɗan'uwa, tunda kai muharraminta ne. Ka nema mata kujera a ranar da za ku tafi kai da maiɗakinka, in ta cika ku ɗaga zuwa ranar da za ta ɗauke ku ku uku.

Wallahu a'alam.