Kada ka yanka kuɗin gyara a waya

Ka tambaye ni abin da za ka ce wa mutum idan ya bugo waya ko ya turo saƙo yana so a duba masa firji ko AC, da kuma idan ya matsa sai ka faɗi kuɗi, ka faɗa ko ka ƙi. Kada ka faɗa. Kuɗi ɗaya ne ake faɗa a waya, kuɗin zuwa dubawa, kuma ka gaya masa ko an yi aikin ko ba a yi ba, wannan ya zama naka. Sauran sai idonka ya gani, mita ta auna. Gani ya kori ji.

Sallama da gaisuwa ba zan koya maka ba, wannan aikin gidanku ne. Sai dai ina jin yadda ku yaran yanzu kuke ɗaga waya, "Eh, wa ke magana?", kamar mai bin bashi ne ya kira. Ka amsa sallama, ka faɗi sunan shago, ka bar mutum ya gama maganarsa. Babba ka ce masa Alhaji ko ranka ya daɗe, mace ka ce Hajiya, ko da kuwa muryar yarinya ka ji.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ajiye abin da nake yi na amsa maka. Akwai wata firiza da har yau idan aka ambaci waya sai ta faɗo mini a rai. Babbar firiza ce ta kwance, mai aiki da gas R600a, ta wani mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, ana tsakiyar zafin bazara. Ya bugo shagon nan, yaron da ke nan kafin kai ya ɗauka. Mutumin ya ce gas ne kawai ya ƙare, wani ma ya duba ya tabbatar, nawa za a yi masa? Yaro ya faɗi kuɗin ɗura gas, ya ƙara da cewa, "Kada ka damu, za mu gyara maka ita gaba ɗaya." Ashe wayar mutumin tana naɗar magana.

Aka je, aka sa geji, wato ma'aunin matsin gas, babu gas, aka ɗura, ta yi sanyi, aka karɓi kuɗi. Kwana uku ya bugo: tana sanyi tana ɗaukewa, idan an kashe ta na awa biyu an kunna sai ta dawo. Duk wanda ya san aikin nan ya ji wannan ya san ruwa ne a cikin layin gas. Danshin yana daskarewa a bakin kafilari, siririn bututun da gas yake bi, ya toshe hanya, idan injin ya huta ya narke, gas ya sake wucewa. Kafin a kai ga komawa, a kwana na tara, kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, ya ƙone. Da aka kwashe kayan ciki aka wanke bangon, sai ga huda ƙasa-ƙasa daga gefen hagu, an toshe ta da gam, an manna takardar talla a kai. Da wuƙa ake fasa ƙanƙara, wuƙar ta shiga bututun da ke bayan bango. Shi R600a a firiza, ɓangaren da ke tsotsa yana aiki ne ƙasa da ƙarfin iskar waje, don haka huda ba gas kawai take fitarwa ba, zuƙo iska da ruwan narkakkiyar ƙanƙara take yi zuwa ciki. Ruwan ya gauraya da man kwamfireso, kafilari yana toshewa injin yana ɗaukar zafi, waya ta ƙone.

Mutumin ya san da hudar, shi ya sa gam ɗin da hannunsa. Amma da aka zauna gaban mai unguwa sai ya kunna waya, kowa ya ji "za mu gyara maka ita gaba ɗaya". Shagon nan ya sayi sabon kwamfireso, ya sayi diraya, matatar da ke tsotse danshi daga gas, ya zagaya sabon bututu, ya sake ɗura gas, ya kuma biya rabin kuɗin zoɓon da ya ce ya lalace masa, wanda babu wanda ya gan shi. Duk a kan kuɗin gas. Baki shi ke yanka wuya. Har gobe mutumin nan yana wucewa ta layinmu a babur, yana ɗaga hannu.

Saboda haka idan an ce maka "gas ne ya ƙare", ka sani gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Rufaffen layi ne. Idan babu shi to akwai inda ya fita, kuma wanda ya ɗura bai nemo wurin ba, sata ya yi ko bai sani ba. Kada ka yi gardama da mai kaya a waya, ka yi masa tambayoyi. Yaushe ta fara? Injin yana tashi, ko yana yin "ƙyas" ya ɗauke bayan ƴan daƙiƙu, ya sake bayan minti biyu ko uku? Wannan yawanci rile ne mai tayar da kwamfireso, ko obalod mai yanke masa wuta idan ya yi zafi, ko wuta ce ba ƙarfi. Wutar gari take ci, ko janareto, ko sola? Akwai sitabilaiza? An taɓa kai ta wajen wani, me ya canja? An fasa ƙanƙara da wuƙa ko sukudireba? Wannan ta ƙarshe ka yi ta a hankali, kada ta zama zargi, ka ce, "Ko yara sun taɓa ƙwaƙular ƙanƙarar da ƙarfe, Alhaji?" Ka ɗora wa yara, sai ya samu hanyar faɗin gaskiya ba tare da kunya ba.

Sannan ka ce ya ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan firjin ko a jikin injin AC na waje ya turo ta WhatsApp. A nan za ka ga lambar samfuri, irin gas, da giram nawa take ci. Firjin gida mai R600a sau da yawa bai kai giram 100 ba, da sikeli ake ɗura shi, kuma yana kama wuta, ba a kai masa harshen walda sai an tabbatar layin ya wofinta. Mai R134a mansa daban, kwamfiresonsa daban, ba a musanya su. AC tsoho R22 ne, na baya-bayan nan R410A ko R32, ƙarfin matsinsu ya fi na R22 nesa. Ka hau babur daga nan har Hotoro da silindar da ba ita ba, ka dawo, wa zai biya man? Idan AC ce fanka tana juyawa amma kwamfireso yana gurnani bai tashi ba, ka tafi da kafasita, abin da ke taimaka wa kwamfireso tashi. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yawanci kafasita mai lamba 35 ko 40 take ci, amma lambar da ke jikin tsohuwar ita za ka bi.

Bayan ka duba, abin da ka gano ka rubuta masa a saƙo kafin ka kwance ko da noti ɗaya: ga abin da ya lalace, ga kayan da za a saya, ga kuɗin aiki daban, ga abin da kuɗin bai ƙunsa ba. Idan akwai huda ka ɗauki hotonta a gabansa. Ka rubuta cewa za a matsa layin da naitirojin a bi shi da kumfar sabulu, a canja diraya, a ja bakyum, wato a zuƙe iska da danshin layin, aƙalla minti 30 kafin gas, kuma idan ruwa ya riga ya shiga kwamfireso babu garanti a kansa. Sai ya amsa da "na yarda" a rubuce. Saƙon murya na minti huɗu ba yarjejeniya ba ce, a rubuce nake so. Kalmomin "gaba ɗaya", "ba komai" da "ƙaramin abu ne" ka cire su daga bakinka.

Lokaci kuma, idan ka ce bayan La'asar, to bayan La'asar. Ba za ka samu zuwa ba, kai za ka kira tun kafin lokacin, ba shi zai neme ka ba. "Ga ni nan a hanya" alhali kana zaune wajen mai shayi, wannan cutar ta ku ce, mu ba mu gaje ta ba. Mai nama a firiza awoyi yake ƙirgawa. Ka faɗa masa gaskiya ya nemi wani ya fi ka riƙe shi kayansa su ruɓe. Kada ka yi wa mai kaya filashin, sayi kati. Gidan aure kuwa, ko da Hajiya ce ta kira, ka tambayi lokacin da maigida ko wani babban namiji yake nan, ka karɓi lambarsa, maganar kuɗi da shi za ka yi. Bayan Isha'i ba ka kiran lambar matar mutum, ko firjin wuta yake ci.

Imel na ofisoshi ne da otal da asibitoci masu zaman kansu. Ka amsa a ranar, ko da layi biyu ne cewa an gani, za a zo ranar kaza. A kan saƙon ka sa irin injin da wurin da yake. Takardar farashi ka rubuta mata ranar da za ta daina aiki, kwana bakwai ya isa, domin tun da aka saki naira a 2023 kwamfireson da ka taya a Sabon Gari ranar Litinin ba lallai ka same shi a haka ranar Asabar ba. Ka bayyana ko kuɗin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, ka tambayi abin da suke cirewa kafin su biya, da kwana nawa biyan yake ɗauka. Kuma wanda ya rubuto maka imel sau da yawa ba shi ke sa hannu a kuɗi ba. Sai takardar amincewa ta zo daga wanda ke da iko sannan ka sayi kaya, kuma kuɗin kayan a ba da su tukuna.

Gobe da safe akwai AC biyu a Tarauni. Kira su yanzu ka karɓo hoton takardar jikin injin, ka nuna mini kafin ka ɗaura silinda.