Tambaya da Amsa: Ɗalibaina na rubuta Turanci, amma sun kasa hira da shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke cikin birnin Kano, kuma ajina yana da ɗalibai tamanin. Da yawansu suna cin jarrabawar nahawu, suna kuma rubuta insha'i daidai gwargwado, amma da zarar na ce wata ta tashi ta yi magana da Turanci sai ta sunkuyar da kai, ko ta faɗi kalma biyu ajin ya kwashe da dariya. Na hana magana da Hausa har na sa tara, abin bai haifar da komai ba sai shiru. Ta yaya zan koya musu hira da Turanci? Daga wata malama a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Abin da kike gani yana da tushe, kuma ya kamata mu fara duba tushen kafin mu ɗora wa yaran laifi. A jarrabawar WAEC da ta NECO akwai takardar da aka keɓe wa furuci, amma ba da baki ake amsa ta ba, ta yadda ɗaliba za ta iya samun sakamako mafi kyau ba tare da ta buɗe baki ta furta kalma ɗaya ba. Ga shi kuma a Kano Hausa ta wadatar da kowa, domin da ita ake shiga A Daidaita Sahu, da ita ake ganin likita, kuma ɗan kasuwar da ya zo daga Kudu ya buɗe shago a Sabon Gari da ita yake ciniki. Turanci harshen hukuma ne a Najeriya, amma ga yarinyar da ta tashi a Gwammaja ko Yakasai baƙon harshe ne wanda ba ta da wurin yin sa sai ajinki. A 1985 wata masaniyar harshe mai suna Merrill Swain ta nuna cewa yaran Kanada da suka shafe shekaru suna sauraron darussa da Faransanci sun fahimci harshen sosai, amma maganarsu ta kasa kamo fahimtarsu, saboda ba a cika ba su damar yin doguwar magana ba. Ciwon ɗalibanki ke nan.

Yanzu mu yi lissafi. Idan darasinki minti 40 ne, ɗalibai kuma 80, ko da kin yi shiru tun daga shigarki har fitarki, kina tayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace za ta samu rabin minti ne kacal. Idan kuwa kika haɗa su biyu-biyu na minti goma, kowace ta samu minti biyar, kuma tana magana ne da ƙawarta ta kan benci, ba a gaban idanun aji duka ba. Lallai ajin zai kaure da hayaniya, don haka ki sanar da shugabar makaranta tun da wuri, kada ta leƙo ta ɗauka aji ya fi ƙarfinki.

Sai dai ba a cewa yara "ku yi hira" kawai a bar su, dole a ba su dalilin magana. Ki ɗauko abin da suka sani kamar yunwar cikinsu. Ɗaya ta zama mai shago a Kantin Kwari, ɗaya ta zama baƙuwa daga Legas da ba ta jin Hausa, ta zo sayen atamfa. Ki rubuta wa mai shago a 'yar takarda kuɗin da ba za ta sallama ƙasa da shi ba, ki rubuta wa baƙuwa abin da ke cikin jakarta, kada ɗaya ta ga takardar ɗaya. Za ki ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba tana ƙoƙarin cewa albarka da Turanci, domin taya kaya abu ne da ta iya tun tana ƙarama, kalmomin kawai take nema. Wata rana kuma a yi kwatancen hanya daga Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi, ko ɗaya ta zama ma'aikaciyar jinya tana tambayar mai jinya abin da ke damun yaronta.

Kafin su fara, ki ba su abin riƙo na lokacin da magana ta sarƙe, kamar "Sorry, could you say that again?" da "How do you say this in English?", domin wanda ya san yadda zai nemi a maimaita masa ba ya jin tsoron shiga zance. Ki kuma tuna musu cewa mai sauraro ma yana da aiki. Bahaushe ba ya barin mai ba da labari shi kaɗai, yana raka shi da "to", "haka ne", "ikon Allah", "Allah sarki", kuma Turanci yana da nasa irin su "really?" da "I see". Littattafan makaranta ba su cika kula da waɗannan ba, alhali su ne ke sa zance ya yi armashi. Haka nan gaisuwa: mu muna tambayar kwana da gajiya da aiki da mutanen gida kafin mu shiga abin da ya kawo mu, Bature kuwa tambaya ɗaya da amsa ɗaya sun ishe shi. Akwai ma "well done" da muke yi wa mai aiki a madadin "sannu da aiki", wanda duk ɗan Najeriya zai gane, amma mutumin Ingila zai ɗauka yaba masa ake yi a kan aikin da ya kammala. Yana da kyau su san bambancin, ba don a raina namu ba.

Batun dariya shi ne ya fi damuna a wasiƙarki, domin ni ma na ɗanɗana. Ina aji ɗaya na sakandare na tashi zan ce "fifty", harshena ya juya ta zuwa "pipti", malamin ya sa na maimaita sau uku ajin yana dariya, kuma har aka ƙare zangon ban sake ɗaga hannu ba. Ki kafa doka cewa ba a yi wa mai ƙoƙari dariya, sannan ke ma ki daina katse ɗaliba a tsakiyar jimla. Ki riƙa zagayawa da takarda kina rubuta kurakuran da kika ji, a ƙarshe ki ɗora huɗu ko biyar a allo ba tare da ambaton sunan kowa ba, a gyara tare. Idan kin yi tambaya kuma ki jinkirta. Mary Budd Rowe ta Amurka ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai kafin su wuce, kuma idan aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshin ɗalibai sukan ƙara tsawo, masu amsawa ma su ƙaru. Tarar kuwa ki janye ta, tun da kin ga abin da ta haifar. Wadda kalma ta ɓace mata ta faɗe ta da Hausa, ajin ya taimaka mata da ta Turanci.

Furuci yana da nasa lokacin, minti biyar a farko ko ƙarshen darasi. Hausa ba ta bambanta "p" da "f" ba, ba ta da "v", ba ta da sautin "th", kuma takan cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wanda shi ya sa muka samu burodi da sukuru. Ki sa kowace ta riƙe guntun takarda a gaban leɓenta ta ce "pan" sannan "fan". A kalmar farko leɓɓa suna haɗuwa iska ta fashe takardar ta girgiza, a ta biyu kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Manufar ita ce a fahimce su ba tare da wahala ba, ba sai sun koma magana kamar mutanen Landan ba.

Abu na ƙarshe shi ne maki. Ɗalibai suna ba da muhimmanci ne ga abin da ake rubutawa a katin sakamako, saboda haka ki nemi izinin hukumar makaranta ki ware wani kaso na makin gwajin zango domin magana. Ki saurare su biyu-biyu na minti biyu, ƙungiya huɗu a kowane darasi, kuma cikin darussa goma kin gama da ajin gaba ɗaya.