Sharuɗɗan kammala satifiket na gaba da digirin farko

Malam, tambayarka ita ce ko cin darussa kaɗai ya isa a ba ka satifiket na gaba da digirin farko. Gaskiya bai isa ba. Da farko sai ka cika adadin kiredit (ma'aunin nauyin darussa) da aka ƙayyade, wanda a jami'o'in Amurka yawanci yana tsakanin 12 da 18, wato darussa huɗu zuwa shida, a Ingila kuwa kiredit 60 ne bisa nasu tsarin lissafin. Sannan kada matsakaicin makinka ya gaza abin da makarantar ta gindaya, galibi 3.0 cikin 4.0 a tsarin Amurka. Bayan haka za ka cike fom na neman kammalawa, jami'in da ke kula da shirin ya sa hannu, ka biya duk kuɗin da ake bin ka, kafin ofishin rajistara ya fitar da takardar.

Wannan fom ɗin shi ne inda mutane da yawa suke tuntuɓe, domin yana da wa'adi, kuma sau da yawa wa'adin yana cika tun kafin jarrabawar ƙarshe. Ni kaina na gama darussana na naɗe hannu ina jiran kira, ashe sunana bai ma shiga jerin masu kammalawa ba, sai da na jira zango guda cur. Saboda haka ka duba kalandar makarantarku tun makon farko na zangonka na ƙarshe.